Kyamarar Tsakar Gidan Saminu

Saminu bai shawarci kowa ba ranar da ya shiga shagon Ndubuisi, Inyamurin nan mai sayar da kayan sola da na lantarki a bakin kasuwar Daura. An sace babur a layinsu, an kuma haura gidan wani malamin makaranta an kwashe batira. Shi kuwa Saminu falken shanu ne, yakan yi lodi a Mai'adua ya bi tirela har Legas, sai ya yi makonni bai kwana gida ba. A gidan matarsa ce kaɗai, Maijidda, da cikinta na fari.

Ndubuisi ya baje masa kaya a kan kanta. Hausa ta zauna a bakinsa, don ya daɗe a gari.

"Alhaji, iri biyu ne. Wannan sai an ja mata waya, a ajiye akwati da talabijin a ɗaki. In an ɗauke wuta, ta mutu. Wannan kuwa solarta a kanta take, sim ake sa mata. Kana Legas kana kallon gidanka a wayarka."

"Ita nake so."

"Tsaya tukuna ka ga aiki." Ya ja yatsa a fuskar wayarsa, kan kyamarar ya juya hagu, ya dawo dama, yana wata 'yar ƙara ƙirrr. "Duk inda ka ja, nan za ta bi. In ka danna nan ka yi magana, na gida za su ji ka raɗau."

Saminu ya washe baki. "Ba ni uku."

"Ɗaya ƙofar gida, ɗaya bayan katanga. Ta ukun fa?"

"Tsakar gida."

Ndubuisi ya ɗago kai. "Mutanenku ba su cika son ta ciki ba fa. Madam ta sani?"

"Madam ce ta gina gidan? Kai dai ɗaure min kaya."

Ndubuisi ya ɗaga kafaɗa ya ɗaure kaya.

Kashegari aka kora Maijidda ɗaki aka ja mata ƙofa. Tana ji ana jan tsani, ana huda bango, ƙurar siminti na shigowa ta taga. Da ta fito, sai ga abin a maƙale can sama, ƙarƙashin kwanon zaure, fari fat da baƙin ido ɗaya. Daga inda aka kafa shi babu abin da ya tsere masa: madafa, rijiya, igiyar shanya, inuwar darbejiya inda take shimfiɗa tabarma, ƙofar ɗakinta, har da saman makewayi, wanda ba shi da rufi.

Ta ce, "Alhaji, ɓarawon a madafa zai zauna?"

"In ya haura, a ina zai dira? Ba tsakar gida ba?"

"To wa zai riƙa gani?"

"Ni. Mijinki. Akwai abin da ban taɓa gani ba?"



Ƙarya ya yi mata. Kafin ya tafi Mai'adua sai da ya biya ta rumfar wansa Zakiyyu, mai sayar da hatsi, mutumin sahun gaba a masallacin unguwa. Tun da aka kawo Maijidda gidan nan, Zakiyyu bai taɓa yi mata kallo biyu ba. Wan miji ne, matsayin suruki gare shi. In ya zo iyakarsa zaure, ita kuma ta durƙusa bayan ƙyaure ta gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa.

Saminu ya karɓi wayar Zakiyyu ya saka masa abin, ya shigar da lambar sirri. "Yaya, a hanya sabis na ɗaukewa. Ka riƙa duba min ƙofar gida da bayan katanga."

Hotuna uku suka fito. Zakiyyu ya nuna na ƙarshe da haɓa. "Wancan fa?"

"Na ciki ne. Kai dai kar ka taɓa shi."

"A'uzu billahi! Ni da matar ƙanena? Kai ma dai, Saminu."

Kwanakin farko ƙofar gida kawai Zakiyyu yake dubawa. Wata rana ba ciniki, yatsansa ya taɓa hoto na uku. Ya yi istigfari ya kife wayar. Kashegari ya sake taɓawa, wannan karon bai kife ba.

Maijidda kuwa ta shiga wata rayuwa. Tana tsakiyar tankaɗe sai bango ya yi magana.

"Wace ce mai jan mayafi da ta fita yanzu?"

Rariya ta suɓuce mata. "Alhaji, ka tsorata ni. Matar gidan gaba ce, ta zo aron turmi."

"Aron turmi har da zama? Kuma kwanon me kika miƙa ta katanga jiya?"

"Ɗan wake ne na zuba wa Inna Shatu. Ita ma ta aiko min da kunu."

"Ni nake bin tirela cikin kashin shanu, ke kina ciyar da unguwa. To na gani."

In ta kishingiɗa da rana, ya ce ta cika son jiki. In ta daɗe a ɗaki, ya kira waya ya ce me take yi a inda ba ya gani. In ta yi dariya da wata, ya tambayi abin dariyar.

Inna Shatu maƙwabciyarta ce, tsohuwa mai kitso, wadda ta karɓi haihuwar rabin yaran layin. Wata safiya ta shigo, ta yaye mayafi ta rataya a igiya, ta kwance ɗankwali don zafi, ta sa kan Maijidda tsakanin gwiwoyinta. An kai rabin kai, sai murya ta faɗo daga sama.

"Inna Shatu, sannu da aiki. A yi mata shuku, ni ba na son wannan."

Tsohuwa ta zabura har kibiyar kitso ta faɗi. Ta waiga zaure, ba kowa. Maijidda ta nuna mata sama.

"Wane ne wannan?"

"Alhaji ne. Yana Legas."

"Yana Legas yana kallon furfurata?" Ta fizgo mayafinta ta lulluɓe kai har goshi, ta fuskanci kyamarar. "Kai Saminu, ɗan nema! Ni na yanke maka cibiya. Mijina ya mutu bai bar wani ƙato ya ga kaina ba, sai kai?"

"Haba Inna, don tsaro ne. Ba ki ji an sace babur ba?"

"A kaina aka ɓoye babur ɗin? Allah ya isa!"

Ta fice ta bar kitso rabi. Kafin la'asar labari ya gama layi cewa duk macen da ta shiga gidan Saminu ana ɗaukar hotonta a kai Legas. Maza suka yi wa matansu iyaka da gidan. Mai aron turmi ta daina zuwa. Masu kawo cefane suka koma miƙowa daga zaure. Ko Lami, matar Zakiyyu, wadda takan leƙo ta taya ta wanki tun da ciki ya yi nauyi, mijinta ya tsayar da ita.

"Kar in ƙara jin kin taka cikin gidan nan. Ba zan yarda ƙanena ya riƙa kallon matata ba."

Ya faɗi haka wayar na aljihunsa.

Bazara ta kankama. Ɗakin Maijidda rufin kwano ne, da hantsi ya zama tanda. Dole ta fito inuwar darbejiya da ɗaurin ƙirji kamar kowace mace a cikin gidanta, ta miƙe ƙafafu, waɗanda suka soma kumbura. Tana zaune sai ta ji ƙirrr, idon ya juyo kanta. In ta tashi ɗiban ruwa, ƙirrr, ya bi ta. Ta saba, ta ce mijinta ne.

Ranar nan da yamma Saminu ya kira yana mita, wai wayarsa ta mutu tun asuba, sai yanzu ya samu caji a kara, kasuwar shanu.

Ta ce, "Tun asuba? To wa ya yi ta juya abin nan da rana?"

Ya ce, "Iska ce."

"Iska ce ta bi ni daga rijiya har ƙofar makewayi?"

"Ke, kar ki kawo min maganar banza. Na ce iska ce."

Ya san ko wane ne. Da ya kashe waya bai kira wansa ba. Yaya za a yi ƙane ya tambayi wa irin wannan magana? Ya bar ta a haka.

Daga ranar Maijidda ba ta ƙara fitowa tsakar gida ba hijabi ba. Da shi take hura wuta, da shi take jan guga, gumi na bin bayanta har ƙafa. Wanka ta mai da shi ɗaki, a cikin baho, ta kwashe ruwan da kofi. Ƙuraje suka feso mata a wuya. Kanta ya riƙa sarawa, wani lokaci ta ga wuta-wuta a idonta.

Bango ya ce, "Wa kike ɓoye wa jiki? Ni?"

"Sanyi nake ji."

"Sanyi a watan nan? Ko dai kwalliyar ta wani ce, ni an rufe min?"

Rannan abin ya ishe ta. Ta ɗauki sandar shanya ta cilla tsohon zani ya rufe idon. Ta cire hijabi, ta kwanta a tabarma, iska ta taɓa fatarta, barci ya ɗauke ta. Ƙarar waya ce ta tashe ta.

"Wa kika shigo da shi?"

"Alhaji, wallahi..."

"Na ce wa kika shigo da shi da kika rufe min ido? Mace mai gaskiya me za ta ɓoye? Ki cire zanin nan yanzu, ko in dawo ki tafi gidanku da takarda, in kuma gaya wa duniya dalili."

Ta ɗauki sanda ta sauke zanin, ta mai da hijabinta.

Da Saminu ya dawo daga wannan tafiya, mahaifin Maijidda, Malam Dabo, ya hawo mota daga Baure. Manomi ne, ba mai yawan magana ba. Ya shiga ya ga 'yarsa, ya ga fuskarta ta yi suntum, zobe ya nutse a yatsanta. Hankalinsa ya tashi. Ya fito zaure suka zauna da surukinsa.

"Alhaji, uwarta ce ta aiko ni. Ka san haihuwar fari a gida ake yi. Lokacin goyon ciki ya yi, har ya so ya wuce. A ba mu ita, in ta yi arba'in a dawo maka da ita."

"Baba, wannan ai al'ada ce, ba addini ba."

"Na sani. Amma ka ga jikinta? Ga shi kai ba mazauni ba, na kuma ji mata sun daina shigowa."

"Munafukai ne suka daina shigowa, kuma hakan ya fi min. Baba, zamani ya wuce nan. A Baure wa zai sa mata ido dare da rana? Nan kuwa ko tari ta yi ina sani. Duba ka gani."

Ya miƙo waya. Malam Dabo ya hango 'yarsa a sunkuye bakin murhu, ya yi sauri ya kau da kai.

"Ɗauke, ɗauke. Wannan abin zai ɗaga ta in ta faɗi?"

"Zai gaya min, ni kuma in sa a ɗaga ta. Ba ga Yaya nan kusa ba?"

Malam Dabo ya tafi rumfar Zakiyyu, ko babba zai sa baki. Zakiyyu ya ba shi buhu ya zauna, ya saurare shi yana jan carbi.

"Malam, mace amana ce a hannun mijinta. Shi Shari'a ta ɗora wa tsaronta, shi zai zaɓi yadda zai tsare ta. Ni ina ruwana da shiga tsakanin mutum da iyalinsa? Ku dai yi ta addu'a."

Tsoho ya koma Baure shi kaɗai.

Saminu ya sake lodi ya yi kudu. Kwana kaɗan bayan tafiyarsa, Maijidda ta tashi da ciwon kai irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta yi amai ya ɓata hijabin jikinta, ɗayan kuma yana kan igiya. Da hantsi ta fito da ɗaurin ƙirji, niyyarta ta fizgo shi ta koma. Ba ta kai igiyar ba. Ƙasa ta juya mata, ta faɗi bakin rijiya, cikinta ya bugi dakalin siminti. Da ta farfaɗo ta ji ɗumi na bin cinyoyinta. Zani ya kwance. Wayarta na ɗaki, ƙofar gida a sakale ta ciki kamar yadda mijinta ya umarta.

Ta kira Inna Shatu, muryar ba ta haura katanga ba. Ta soma jan jiki.

Ƙirrr.

Ta ɗaga kai. Idon ya sunkuyo yana kallonta.

"Alhaji! Alhaji, ka taimake ni. Jini ne. Ka kira Inna Shatu."

Shiru. Ta ƙara jan jiki wajen ɗaki. Ƙirrr, idon ya biyo ta.

"Don Allah ka yi magana. Na tuba. In don zanin nan ne, na tuba. Ɗanka ne fa."

Saminu na cikin tirela a dajin da babu sabis. Mai kallo Zakiyyu ne, a rumfarsa, bayan buhunan gero. Yana jin kowace kalma. Wurin danna magana na nan ƙarƙashin babban yatsansa. Gidan Inna Shatu kuwa ko babur ba sai ya hau ba. Amma in ya yi magana, Maijidda za ta gane muryar. In ya ruga ya ce a fasa ƙofa, za a ce yaya aka yi ya sani. Gobe a masallaci kowa ya ji cewa Zakiyyu mai carbi yana leƙen matar ƙanensa ba riga.

Ya kira lambar Saminu, ba ta shiga. Ya ce to, shi dai ya yi ƙoƙari. Wani ya zo awon dawa, ya auna masa. Ya sake duba waya, ya gan ta ta kai bakin ƙofar ɗaki ta kife. Sai ya rufe rumfa ya nufi gida.

Ya tarar da Lami tana tuƙa tuwon rana. "Kin kwana biyu ba ki leƙa gidan Saminu ba."

"Ba kai ka hana ni ba?"

"To na janye. Ki je ki gaishe ta."

"In rana ta yi sanyi na je."

"Da dai kin je yanzu."

Ta saki muciya ta dube shi. "Lafiya? Wani abu aka ce ya same ta?"

Nan ne wurin da zai faɗa. Ya buɗe baki, ya ce, "A'a. Zumunci dai."

"To zumunci ya jira in sauke tukunya."

Aka kira azahar. Ya yi alwala ya tafi masallaci, ya tsaya a sahun gaba. Da aka sallame ya laɓe bayan masallaci ya duba. Tana nan inda take, rana ta cim mata, ƙudaje sun taru, ba ta motsi. Sai a lokacin ya koma gida da gudu-gudu, ya daka wa Lami tsawa ta tafi yanzun nan, gabansa ke faɗuwa.

Lami ta yi ta bugun ƙofa ba amsa. Ta kira Inna Shatu, aka tara maza aka ɓalle sakata. Tsohuwar da ta rantse ba za ta ƙara shiga gidan ba ita ce ta fara faɗawa ciki, ta yaye mayafinta ta rufe yarinyar. Aka sa ta a Keke Napep aka yi asibiti.

Maijidda ta rayu. Ɗan, namiji, an fito da shi ba rai. Likita ta ce da an kawo ta da wuri, da wata maganar ake yi.

Saminu ya iso bayan an binne jaririn. Ya tarar da Malam Dabo a bakin gado, Lami na fifita, Zakiyyu na tsaye daga ƙofa. Ya durƙusa.

"Sannu, Maijidda. Haka Allah ya ƙaddara. Wallahi tun safe ba ni da sabis ranar, sai bayan la'asar na ga kira."

Ta juyo da kai a hankali. "Ba kai ba ne?"

"Ni ne me?"

"Ina kwance cikin jini abin nan ya juyo ya kalle ni. Na ja jiki ya bi ni. Na roƙe shi har muryata ta dushe. In ba kai ba ne, wa na roƙa?"

Mafici ya tsaya a hannun Lami. Ta juya ta kalli mijinta, ta daɗe tana kallonsa.

"Zumunci dai," in ji ta. "Ashe zumunci ke nan."

Zakiyyu ya fita. Malam Dabo ya bi shi har gindin wata bishiya a harabar asibitin, Saminu na biye.

"Ka gan ta?"

"Malam, kuskure ne yatsana ya..."

"Na ce ka gan ta ta faɗi?"

"Na gani. Amma ka duba matsayina. Wan miji nake. Yarinya ba sutura a jikinta. In fito in ce me? Kunya ai tana cikin imani. Kuma na tura Lami, Allah ne shaida na tura ta."

"Kunyar ba ta hana ka kallo ba, sai ceto?"

Saminu ya shiga tsakani. "Baba, a yi haƙuri, a bar maganar nan a nan. Yaya babba ne, yana da iyali, yana da mutunci a gari. Wanda ya tafi ba zai dawo ba. Kwanansa ne ya ƙare. A rufa wa juna asiri."

Malam Dabo ya dube su, wa da ƙane, kafaɗa da kafaɗa. Ranar da aka sallami 'yarsa ya sa ta a mota sai Baure, ko tsinke ba su ɗauka daga gidan ba.

A Daura aka yi ta magana. Wasu suka ce iyayen mata na yanzu ba su da haƙuri, daga ɓari sai a kwashe yarinya. Wasu suka ce ai mutumin ya yi ƙoƙari, wa ya kashe wa matarsa abin da ya kashe don tsaro? Lami ta yi yaji, aka mai da ita. Zakiyyu bai fasa sahun gaba ba.

Da jini ya ɗauke wa Maijidda, Saminu ya zo biko da buhun shinkafa da atamfa. Aka yi masa shimfiɗa a zaure. Maijidda na zaune daga ciki, bayan asabari, tana ji.

"Baba, na gyara komai. Na canza lambar sirri, na cire wa Yaya. Yanzu ni kaɗai nake gani. Har na sayo wata zan sa a ɗaki, don in irin haka ta sake faruwa..."

Malam Dabo ya ce, "Abin da kyamarar ta ɗauka ranar nan fa? Ka goge?"

"Yana nan. Na ajiye saboda shaida, kar a ce da hannuna a ciki."

Malam Dabo ya ture buhun da ƙafa. "Ɗauki kayanka. 'Yata ba za ta koma gidan nan ba. In ba za ka sauwaƙe mata ba, mu haɗu gaban alƙali."

Saminu ya gyara zama. Ladabin ya fita daga muryarsa. Ya fito da waya ya ajiye a kan tabarma tsakaninsu.

"To Baba, ka yi tunani. Kotu shaida take nema. In aka je, abin da ke cikin nan za a buɗe, gaban alƙali, da magatakarda, da duk ɗan kallon da ya cika benci. 'Yarka ba riga, zani a kwance. Kafin magariba yana wayar kowane ɗan acaɓa daga nan har Mai'adua. Za ka iya shiga kasuwar Baure bayan haka? Wa zai aure ta?"

Tsoho ya sunkuyar da kai. Ya dubi wayar, ya dubi ƙasa. Yana da wasu 'ya'ya mata a gida, yana da 'yan'uwa, yana da masallacin da yake salla. Ya ji maganar haƙuri na tasowa daga maƙogwaronsa, irin wadda iyaye suka saba yi, a ce yarinya ta koma, Allah ya kyauta gaba.

Asabari ya ɗaga. Maijidda ta shigo zauren, ta rame, tana dafa bango. Ba ta durƙusa ba.

"A buɗe."

"Ke, koma ciki, maza na magana," in ji Saminu.

"Na ce a buɗe, Saminu."

Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ya ɗago a firgice.

"Jikin nan yayanka ya riga ya gama kallonsa, kai ka ba shi. Me ya rage da zan ɓoye? Don kar a ce wani abu aka bar ni a rana, don kar a ce wani abu ɗana ya mutu a cikina. Yanzu kuma don kar a ce wani abu in bi ka? A buɗe tun daga farko, kar a tsallake ko kaɗan. Alƙali ya ga na faɗi. Ya ji abin da na ce. Ya ga hoton yana juyawa yana bi na har ƙofar ɗaki. Sai ya tambaye ku yatsan wane ne, kuma wa ya ba shi lamba."

Saminu ya kai hannu zai ɗauke wayar. Malam Dabo ya riga shi, ya dafe ta da tafin hannunsa na noma, ya ɗaga murya ya kira maƙwabtansa biyu da ke zaune a dakalin waje.

"Ku shigo ku zama shaida. Mutumin nan ya faɗa da bakinsa cewa abin yana cikin wayar nan. In ya ɓace kafin ranar zama, ku kuka ji."

Sannan ya ɗage hannunsa. Saminu ya ɗauki wayar da yatsu biyu, ya rasa aljihun da zai sa ta.